Ɗakin Baturiyar Mama

Har yau in na ji wani ya ce "musaya" sai in ɓata fuska. Kalmar ba ta yi wa kowa laifi ba, amma ita ta kusa hana ni zuwa Turai, kuma ni da bakina na kai ta gidanmu.

Ina aji uku a jami'a a Samaru lokacin, shekarun da wayar hannu ta fara shigowa, mai ita yana rataya ta a ƙugu don kowa ya shaida. Ban samu gado a hostel ba, don haka daga gida nake zuwa, daga Sabon Gari, kullum a bas ɗin nan da ake cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku. Wata rana na ga sanarwa a allon sashenmu, an manna ta a kan ta wani da ke cigiyar kalkuletarsa. Wata jami'a a wata ƙasa mai sanyi a Turai tana da yarjejeniya da tamu: su turo ɗalibansu su yi shekara guda a nan, mu tura namu can. Jirgi da makaranta duk a kansu. Wanda aka zaɓa kuma ba hostel za a kai shi ba, wani gida za a sauke shi ya zauna da iyalin, ya ci abin da suke ci. Na karanta, na sake karantawa, na ce a raina in ba a ba ni wannan ba sai dai in an soke shi.

Ban gaya wa kowa a gida ba sai da abin ya kama hanya, kuma kafin ya kama hanyar na ga ta kaina. Takardar sakamakona tana wurin malamin jarrabawa, malamin jarrabawa yana Kaduna. Ya dawo, mai riƙe da makullin kabad ya tafi jana'iza. Shi ma ya dawo, injin bugawa ba tawada. Fom ɗin kuma sai ta intanet, wato sai shagon nan na bakin titin Samaru inda za ki sayi awa guda ki ƙarar da rabinta kina kallon shafi yana buɗewa a hankali kamar mai jin kunya. Sai kin cike komai, kin kai hannu za ki aika, a ɗauke wuta. Mai shagon ya ce, "Sista, yi haƙuri, yanzu za a ta da janareta." A tayar, ki tarar komai ya goge, ki koma rubuta sunan kakanki daga farko. Hatta mai hoto sai da ya ɗanɗana mini. Turawan sun ce farin bango suke so a bayana, shi kuwa yana da labule mai zanen dogayen gine-gine da jirgin sama, yana ganin mai shirin zuwa Turai ai ita aka yi wa labulen. Sai da na ɗauki jakata zan fita sannan ya ciro wani farin zanen gado yana gunaguni.

Duk na haye waɗannan. Aka yi mana ganawa, aka zaɓe ni tare da wani ɗan sashen injiniya. Malamin da ke kula da shirin wani dokta ne ɗan cikin birni, siriri, kullum cikin sauri, ko gaisuwa a tafe yake amsawa. Ya miƙo mini takarda ta ƙarshe ya ce ta amincewar iyaye ce, kuma a gabansa za a sa hannu, ba a kai masa a cike. Wai an taɓa yin wani yaro da ya sa abokinsa ya zama ubansa a takarda, sai bayan jirgi ya tashi uban gaske ya zo ofis yana neman ɗansa. Na yi dariya na ce wannan ai mai sauƙi ce. Ban san ita ce za ta zame mini aiki ba.

Babanmu tsohon soja ne, a barikin Basawa ya yi aikinsa na ƙarshe, ya rasu ina sakandare. Ni ce auta. Yayyena maza ɗaya yana Kaduna ɗaya yana Legas, yayata tana aure a Jos. Ni da Mama kaɗai muka rage a ɗaki biyu na wani gidan haya a Unguwar Gabas, ita nata ni nawa. Mama hatsi take sayarwa a kasuwar Sabon Gari, wake da dawa da gero da masara. Ita ce mai sa hannun, ba wani.

Na same ta da yamma a ƙofar ɗaki tana tsintar wake, na zauna na zayyana mata komai, har da jirgi. Ta saurara ba ta ɗago ba.

"Mene ne sunan abin?"

Na faɗa mata da Turanci, yadda muke kiransa a makaranta.

"Da Hausa nake tambayarki. Turancin nan naku ana ɓoye abu a cikinsa."

Da na ce tallafin karatu ne, da an wuce wurin. Da na ce kawai an zaɓe ni, da ta tashi ta yi rawa. Amma ni da son a san na iya fassara, sai na gyara zama na ce, "Musayar ɗalibai."

Ta ajiye faifan a ƙasa.

"Musaya," ta ce. "To, wa za a ba ni?"

Ba wanda zai koya wa Mama musaya. Matan ƙauye suna zuwa mata da gyaɗa su karɓi gero, da kuka su karɓi wake, kuma ban taɓa ganin ta auna nata ba sai ta tura hannu har ƙasan buhun mai kawowa, ta ɗebo, ta shinshina, ta gasa wa ƙwaya ɗaya haƙori. Na san haka sarai, amma a lokacin ban hango inda muka nufa ba.

"Ba ke za a ba ba, Mama. Jami'a za a ba. In ta zo hostel za a kai ta."

"Ke a can hostel za a kai ki?"

"A'a, na gaya miki wani gida ne."

"Gidan da akwai mace a ciki."

"E mana."

"Wato matar nan za ta dafa ta ba ki, in kin yi zazzaɓi ta tsaya a kanki, ni kuma 'yarta ta zo garin da nake ta kwana a hostel tana cin burodi da ruwan leda? A kira ni me?"

"Haba Mama, ba lallai 'yar matar ce za ta zo ba."

"To 'yar wa? Haka kawai mace za ta karɓi 'yar mutane ba ta ba da tata ba? Ke karatu kika sani, ba ki san duniya ba." Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta. "Ki je ki ce wa malaminku na yarda. A nuna mini tawa, ko hotonta ne da sunan uwarta, in sa hannu."

Na tashi ina dariya, ina cewa zuwa gobe za ta manta. Wanda ya san Mama ya san na yi wauta.

Washegari na tare dokta a barandar ofis na tambaye shi wa za a turo mana bana. Bai tsaya ba. Ya ce, "Wannan ba matsalarki ba ce. Ki kawo mahaifiyarki kawai." Na koma gida na ce wa Mama ya ce ba matsalarmu ba ce. Ta ce, "Shi ya haife ki?" Na koma wurin dokta, ya ce in daina ɓata masa lokaci. Na koma shagon intanet na rubuta wa Turawan da kaina, na lanƙwasa Turanci iya iyawata ina tambayar sunan ɗalibar da za ta zo. Amsa ta zo bayan kwanaki, doguwa, mai ladabi, suna murna da sha'awata, suna tuna mini in taho da rigar sanyi. Ko kalma ɗaya a kan abin da na tambaya babu. Haka na zama ƙwallo tsakanin Samaru da Sabon Gari, kwandastocin bas har sun gane ni.

Ita kuwa Mama ba ta zauna jiran hoto ba. Baƙuwa na tafe, shiri ya kama.

Kuskurenta na farko, ko in ce nawa bala'in, shi ne da ta gaya wa maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu, wata Inyamura mai sayar da busasshen kifi, wadda in ta ji magana da safe kafin azahar an ji ta a Dogarawa. Ina dawowa daga makaranta ta tare ni a bakin famfo tana tafa hannu. "Oyibo dey come our yard! Baturiya a gidanmu! Ke yarinya, kin ɓoye mana!" Na ce mata ba wanda zai zo gidan nan. Ta ce in bar wasa, ai Mama ta riga ta gaya mata har tsawon yarinyar. Mama da ba ta ga ko inuwar yarinyar ba.

Daga nan barkono ya bar gidanmu. Wani ya gaya wa Mama Turawa ba sa cin yaji, sai ta ce gara mu fara sabawa tun yanzu kada baƙuwa ta zo ta ga ana yi mata tukunya dabam ta ji ba daɗi. Miyar kuka ba yaji, miyar taushe ba yaji, wake da shinkafa sai mai da gishiri. Ni da nake fama da jarrabawar tsakiyar zango, in dawo da yunwa in tarar da abincin marasa lafiya. Na sayi garin yaji na ɓoye a jakar makaranta, ina barbaɗawa a ɓoye kamar mai aikata laifi, a gidan ubana, saboda wata da ban san ko an haife ta ba.

Sai maganar ban ɗaki. Na gidanmu masai ne na rami, na kowa da kowa. Mama ta ce ta ji Turawa ba su iya tsuguno ba, gwiwarsu ba ta lanƙwasuwa. Ta kira kafinta ya yi kujerar katako mai rami a tsakiya. Ranar da aka kawo ta duk gidan suka fito kallo. Wani tela da ke ɗakin ƙofa ya ce ta yi tsawo, Maman 'Yan Biyu ta ce ai Turawa dogaye ne, aka yi ta musu a kan ƙafafun mutumin da ba wanda ya taɓa gani. Mama ta ɗauke kujerar ta kai bayan ƙofarta ta lulluɓe da tsohon zane, ta ce wanda ya kuskura ya hau kafin mai ita ta iso zai gamu da ita.

A kasuwa ba dama in leƙa rumfarta. Mai manja ta ce, "Ina baturiyarmu?" Mai gishiri ya ce in ce mata ta taho masa da agogo. A coci matan zumunta suka fara koyon waƙar maraba, har ana gardamar ko za a ɗinka mata zanen zumunta ko sai an ga irin halinta. Ba wanda ya tambaye ni ina za ni, me zan karanta, ko ina jin tsoro. Ni da na sha wahalar fom, na yi ganawa gumi na keto mini, na zama 'yar rakiya a labarina. Wata can da ba ta cike komai ba ita ake yi wa waƙa. Abin ya ci mini rai ƙwarai, kuma ban da wanda zan gaya wa.

Na kai ƙara wurin fasto, ina ganin mutumin da ya yi karatu zai fahimta. Ya saurare ni da kyau, yana gyaɗa kai, na ce yau na samu mai ceto. Da na gama sai ya ce lallai mahaifiyata mace ce mai zuciyar karɓar baƙi, irinta ake nema a wannan zamani, zai ma yi wa'azi a kai. Ya kuwa yi. Ina zaune a bencin matasa ana waiwayowa ana kallona, Mama a gaba ta sunkuyar da kai irin na wadda ake yabo.

Na je wurin mai waya a ƙarƙashin lema na kira yayana na Kaduna. Ya yi dariya har ya shaƙe, ni kuwa ina kallon mai wayar tana kallon agogonta. Da ya samu numfashi ya ce, "Auta, ki bi ta a hankali. Kin san Mama." Na ce ba sanin Mama na kira ya koya mini ba, ya zo ya sa hannu a madadinta. Ya ce ai takardar uwa ko uba ta ce, kuma shi ba zai shiga tsakaninmu ba, yana da nasa matsalolin. Na ajiye wayar ba sallama.

Ana haka dokta ya aiko a kira ni. Ya ce ɗan injiniyan nan tuni ubansa ya zo ya sa hannu, tawa kaɗai ta rage, kuma ranar Juma'a zai aika da takardun gaba ɗaya. In tawa ba ta ciki zai sa sunan wadda ke bi mini. Na san yarinyar. Kullum in mun haɗu a sashe sai ta tambaye ni lafiyar Mama da wata irin kulawa da ba ta taɓa nuna mini ba.

Da wannan a kaina na dawo gida ran nan, na tarar da katifata a jingine a tsakar gida, littattafaina a cikin kwali, akwatina a buɗe a ƙofar Mama. Daga ɗakina warin fenti ke fitowa. Na leƙa na ga wani mutum a kan benci yana shafa wa bangona shuɗi. Hotunan da na manna duk an ɓamɓare. A kan taga ga sabon gidan sauro a cikin ledarsa.

"Mama! Mene ne haka?"

Ta fito tana goge hannu. "Ɗakin baƙuwa. Ai ba za ta zo ta tarar da bango duk zanen biro ba. Ke ki dawo nawa kafin nan."

Nan fa na fashe. Na ce na gaji. Na ce ba wata baƙuwa, ba wanda ya ce da ita za a kawo mata kowa, ita ta ƙirƙiro baturiyarta ta ɗora mana. Na ce an hana ni yaji, an mai da ni abin dariya a kasuwa da coci, yanzu kuma an kore ni daga ɗakina, ranar Juma'a kuma za a ba wata gurbina saboda taurin kanta. Mutanen gida suka yi tsit a ɗakunansu, wato kowa ya kasa kunne. Mai fenti ya tsaya da buroshi a sama.

"Mama, ni ba buhun wake ba ce da za ki ce sai kin ga na wani kafin ki auna!"

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Da buhun wake ce ke ai da tuni na bayar."

Ta juya ta ce wa mai fenti ya ci gaba, kada ya bar wancan lungun. Ni kuwa na ja katifata zuwa ɗakinta ina kuka don haushi, na shimfiɗa ta a ƙasa kusa da gadonta. Kwana biyu ban yi mata magana ba sai gaisuwa. Ita ko a jikinta. Da safe ta tashe ni addu'a, ta roƙa mini nasara, ta roƙa wa baturiyarta sauka lafiya, in ce amin a kan ta farko in yi shiru a kan ta biyu.

Ranar Alhamis da safe na gan ta ta ciro zanenta na zuwa biki, ta ɗaura ɗankwali ya tashi sama, ta zuba gyaɗa a leda.

"Ina za ki?"

"Wurin malaminku. Tunda ke an aike ki kin kasa, bari in je in tambaya da bakina."

Ban so ba, amma ban da zaɓi. A bas ta zauna a gaba ta rungume ledar gyaɗarta, ta gaya wa direba da duk wanda ke kusa inda za ta da dalili. Kafin mu wuce Kwangila wani dattijo a baya yana ba ta shawarar ta riƙa tafasa wa baƙuwar ruwan sha. Na manna fuskata a taga na yi kamar ban san ta ba.

Dokta yana shirin fita muka shiga. Da ya ga Mama sai ya koma ya zauna, karo na farko da na ga mutumin nan ya zauna don wani. Ta gaishe shi gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da aiki da gajiya, tana ce masa Likita, har ta soma ba shi labarin gwiwarta sai da na taɓa ta. Ta ajiye gyaɗar a kan teburinsa. Ya yi godiya, ya zaro takardar ya ajiye a gabanta da biro.

Ba ta taɓa biron ba.

"Likita, tambaya gare ni. Yaushe tawa za ta iso?"

Ya dube ni. Na dubi silin.

"Wace taki, Mama?"

"Wadda za a ba ni a madadin wannan. An ce musaya ce. Na gyara ɗaki, na yi fenti, na sayi gidan sauro. Hotonta kawai nake so in gani da sunan uwarta."

Dokta ya cire tabarau ya murza idonsa. Na zaci dariya zai yi, na shirya nutsewa ƙasa. Bai yi ba.

"Mama, gaskiya zan gaya miki. Sunan abin ke nan a takarda, amma tunda aka fara shirin nan ba wanda ya taɓa zuwa daga can. Mu ne dai muke turawa."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya. Bana ma wata ta nuna sha'awa, daga baya ta janye."

"Saboda me?"

"Suna jin labarin zafi, da sauro, da yajin aiki, da rigingimu. Yawanci iyayen ne ba sa yarda."

"Uwarta ce ta hana ta."

"Kusan haka ne."

Mama ta dubi takardar. Fankar ofis tana ta ƙara. Can ta ce, a hankali, "Ban ga laifinta ba."

Na ce shi ke nan, an gama da ni. Na fara tunanin yadda zan wuce yarinyar nan mai tambayar lafiyar Mama ba tare da na shaƙe ta ba. Haushin dokta ya kama ni, da ya faɗi wannan tun ranar farko a baranda maimakon ya ce ba matsalata ba ce. Haushin Turawan ya kama ni, masu kiran abu musaya alhali hanya ɗaya yake bi. Haushin kaina ya fi duka.

"Amma Likita," in ji Mama, "ita waccan matar, wadda aka ce za ta riƙe tawa. Tana nan?"

"Tana nan. Sun ma aiko da sunan gidan."

"An gaya mata yarinya na zuwa?"

"An gaya mata."

"To ta gyara ɗaki ke nan."

"Na tabbata ta gyara."

Mama ta jawo takardar gabanta. Ta goge hannunta a zane duk da ba abin da ya taɓa, ta ɗauki biron.

"Kada a bar ta da ɗaki a gyare ba kowa," ta ce. "Ba daɗi. Ina ne wurin?"

Dokta ya nuna mata da yatsa. A ajin yaƙi da jahilci na coci ta koyi rubuta sunanta, kuma ba ta yarda a gaggauta ta. Harafi ɗaya bayan ɗaya ta bi, harshenta a gefen baki, mu biyu muna tsaye a kanta ba mai motsi. Da ta gama ta hura wa rubutun iska, ta miƙa masa da hannu biyu.

Na samu abin da na yi makonni ina faɗa a kansa, kuma na rasa inda zan sa shi. Na so in yi tsalle, na so in ba ta haƙuri, ban yi ko ɗaya ba. A bas ɗin komawa ba ta yi wa kowa magana ba. Ta zauna a baya kusa da ni, hannunta a kan cinya, ɗankwalin ya ɗan karkace ba ta gyara ba. Tausayinta ya kama ni har na ji kunyar duk abin da na faɗa a tsakar gida.

Maman 'Yan Biyu na bakin famfo muka shigo. "Mama, yaya? Yaushe oyibo?"

"Ba ta zuwa," in ji Mama. "Uwarta ta hana." Ta wuce ciki.

Na ba ta lokaci ta canja kaya ta sha ruwa. Da la'asar ta yi na shiga ɗakinta na naɗe katifata, na ɗora a kai, na nufi ƙofa. Tana zaune a bakin gado tana warware ɗankwali.

"Ina za ki da ita?"

"Ɗakina mana. Tunda ba mai zuwa."

"Ajiye. Fentin bai bushe ba."

"Mama, na taɓa bangon da safe. Ya bushe ƙarau."

"Na ce bai bushe ba. Warin zai kama miki ƙirji, ki je ƙasar mutane da tari a ce ban kula da ke ba."

Ba ta dube ni ba da take faɗa. Na tsaya a bakin ƙofa da katifa a kai, ina da amsa a bakina, irin amsoshin da na saba ba ta. Na haɗiye. Na sauke katifar na mayar da ita inda take, kusa da gadonta.

Tafiyar ba ta zo da wuri ba, sai da aka yi ta jiran fasfo da biza, damina ta shigo ta fita. Duk bayan 'yan kwanaki nakan tambaye ta ko fentin ya bushe, ta ce tukuna. Har ranar da yayana ya zo da mota daga Kaduna ya ɗauki akwatina, bai bushe ba.